Fayil Ya Ɓace Bayan Sabuntawa: Mu Daina Cusa wa Kwamfuta Abin da Muka Tsinta



Duk wanda ya daɗe yana mu'amala da kwamfuta ya san wannan yanayin. An sabunta babbar manhaja, kwamfuta ta tashi lafiya, fuskarta ma ta ƙara kyau. Sai a zo buɗe wata manhaja da ake aiki da ita kullum, ta ce ba ta san zancen ba. A Linux, in aka kira ta daga taminal, sai ta jefo layi ɗaya:

error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory

A Windows kuma sai ƙaramin akwati ya fito yana cewa ba a ga MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll ba.

Amsoshi uku muka saba ba wa juna idan haka ta faru. Ta farko: je ka intanet ka rubuta sunan fayil ɗin, ka sauke shi daga duk inda ka gan shi, ka jefa shi cikin foldar babbar manhaja. Ta biyu: ai akwai sabon fayil mai kama da shi a kan kwamfutar, laƙaba masa tsohon sunan kawai. Ta uku kuwa ta fi fitowa daga bakin wasu masu gyara: a yi mata fomat a huta. Ra'ayinmu a wannan makon shi ne mu bar dukkan ukun. Saƙon da kwamfuta ta nuna ya riga ya faɗi rabin maganin, sauran rabin kuma akwai hanyar da aka tanada ta nemo shi. Hanyar ba ta buƙatar wani zurfin ilimi, haƙuri kaɗan take so.

Bari mu fara da abin da ya ɓace ɗin. Ba kowane gida ke sayen injin niƙa ba. Unguwa guda kan sami ɗaya, kowa ya kai hatsinsa. Haka manhajoji suke. Da yawansu suna buƙatar ayyuka iri ɗaya: kulle saƙo kada wani ya karanta shi a hanya, zana rubutu a fuskar kwamfuta, fitar da sauti. Maimakon kowace manhaja ta zo da nata, sai a ajiye aikin a fayil guda, duk mai buƙata ya ara. Wannan fayil shi muke kira laburaren haɗaka. A Linux za ka ga .so a sunansa, a Windows .dll, a macOS kuma .dylib. Tsarin yana rage cin wuri, sannan in aka gano wani rauni na tsaro, wuri ɗaya za a gyara, duk manhajojin da ke aro su amfana.

Yanzu ku dubi lambar da ke ƙarshen sunan. A libssl.so.1.1, wannan 1.1 ɗin alkawari ne tsakanin masu rubuta laburaren da masu amfani da shi. Muddin lambar ba ta sauya ba, duk manhajar da aka harhaɗa da shi za ta ci gaba da samun ayyukan da ta sani, da sunayensu, da yadda ake miƙa musu bayani. Ranar da masu laburaren suka yi canjin da zai karya wannan alkawari, sai su sauya lambar da gangan, domin tsohuwar manhaja ta tsaya a bakin ƙofa maimakon ta shiga ta yi ɓarna. Wato saƙon da ke ɓata mana rai, a lokuta da yawa, birki ne da aka taka don kare mu.

Ga misali sananne. Ubuntu 20.04 ya zo da OpenSSL 1.1.1, laburaren da manhajoji da yawa ke dogaro da shi wajen kulle sadarwa. A watan Satumba na 2021 aka fitar da OpenSSL 3.0, sai Ubuntu 22.04 da ya fito a Afrilun 2022 ya koma kansa. Fayil ɗin ya zama libssl.so.3, kuma ƙunshin libssl1.1 ya fita daga rumbun sabuwar sigar. Manhajojin da suka fito daga rumbun Ubuntu ba su ji komai ba, don an sake harhaɗa su da sabon laburaren tun kafin a sake su. Waɗanda suka tsaya su ne na waje: fayil ɗin .deb da aka sauke daga shafin wani kamfani, manhajar da mutum ya harhaɗa da hannunsa shekara biyu da suka wuce, da wadda ta zo daga ƙaramin rumbun wani mutum da ake kira PPA. Dama kuma idan Ubuntu zai haura daga siga zuwa siga, yakan kashe irin waɗannan rumbunan na waje, sai mai kwamfuta ya sake kunna su da kansa. In aka lura da wannan, tambayar ta sauya. Maimakon a ce "ina zan sami fayil ɗin nan?", sai a ce "daga ina wannan manhajar ta zo, kuma akwai sigarta da aka yi wa sabuwar babbar manhaja?"

To me ya sa muke ƙin amsoshin nan uku?

Fayil ɗin da aka tsinta a intanet ba hoto ba ne, ba takarda ba ce. Umarni ne da kwamfuta za ta zartar da duk ikon da manhajar da ta ɗauke shi take da shi. In ka sa shi a foldar babbar manhaja, ka buɗe masa ƙofar duk wata manhaja da za ta kira wannan suna. Abin da ya fito daga rumbun Debian, Ubuntu ko Fedora yana da sa hannun sirri da apt ko dnf ke tantancewa kafin su girka shi. Wanda ya fito daga shafin da ba mu san mai shi ba kuwa, babu mai tantance shi. Ko da a ce mai tsabta ne, ma'ajin manhajoji bai san da zamansa ba, don haka babu ranar da za a sabunta shi. OpenSSL 1.1.1 kansa ya daina samun gyaran tsaro na kyauta daga masu shi tun 11 ga Satumba, 2023. Wanda ya jefa libssl.so.1.1 cikin /usr/lib ya manta, ya ajiye tsohon kwado ne a ƙofar da yake shiga asusunsa da saƙonninsa.

Laƙaba wa sabon fayil tsohon suna, wato abin da ake yi da umarnin ln -s, ya fi kama da wayo, shi ya sa ya fi yaɗuwa tsakanin waɗanda suka ɗan iya. Amma kama da wane ba ta wane. In an yi wa libssl.so.3 haka, yawanci manhajar za ta sake ƙin tashi, ta ce ba ta ga OPENSSL_1_1_0 ba, kuma wannan shi ne sauƙin abin. Wanda ya fi muni shi ne laburaren da zai bari manhajar ta tashi, ta yi aiki kwana biyu, rana ta uku ta mutu a tsakiyar adana aiki. A lokacin an manta da laƙabin da aka yi, sai a koma zargin kwamfutar ko wutar lantarki. Mun san akwai inda dabarar ta ci, kuma shi ya sa ake yawan ba da ita a kan libtinfo.so.5. Amma dacewa ce, kuma mai ba da shawarar ba ya nan ranar da za ta ƙi ci.

Fomat kuma garin neman gira ne a rasa ido. Saboda fayil ɗaya, a share aikin ɗalibi na shekarar ƙarshe, ko lissafin shago, ko takardun kwastomomi a wurin buga takardu. Abin takaicin shi ne, in aka sake ɗora sabuwar babbar manhajar, aka sake girka tsohuwar manhajar, saƙon nan dai shi zai dawo, don dalilinsa yana nan.

Abin da muke ba da shawara shi ne a yi wa kwamfuta tambayoyi huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko: sabuntawar ta ma kammala kuwa? Wannan ta shafe mu ƙwarai, mu da wuta kan ɗauke ba sallama, data kuma kan ƙare a tsakiyar saukewa. Sabuntawar da ta tsaya a rabi kan bar wasu ƙunsoshi sababbi, wasu tsofaffi. A Ubuntu da Debian da Mint, a fara da sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install, sannan sudo apt update da sudo apt full-upgrade. Kafin a amsa da eh, a karanta jerin abin da apt ya ce zai cire. Fayil ɗin /var/log/apt/history.log kuma yana riƙe da tarihin abin da aka girka da abin da aka cire, da ranarsa. Masu Arch Linux su tuna cewa tsarinsu bai yarda da sabunta wani sashe a bar wani ba, sai dai a sabunta duka da pacman -Syu.

Tambaya ta biyu: me da me manhajar take nema? Saƙon kuskure fayil ɗaya yake ambata, na farkon da aka nema aka rasa. Umarnin ldd, a bi shi da cikakken adireshin manhajar, zai jero duk laburaren da take buƙata, ya rubuta not found a gaban waɗanda babu. Abu ɗaya dai: kada a yi wa manhajar da ba a amince da ita ba ldd, domin a wasu yanayi yana iya tayar da ita. Ga irin wannan, readelf -d ya fi aminci, a duba layukan da ke ɗauke da NEEDED.

Tambaya ta uku: da gaske babu fayil ɗin, ko dai ba a ganinsa ne? Umarnin ldconfig -p yana nuna jerin laburaren da kwamfuta ta san da su. Wani lokaci fayil ɗin yana zaune a /usr/local/lib ko a foldar manhajar, amma jerin bai san da shi ba. A nan sudo ldconfig kaɗai kan wadatar, ko a ƙara adireshin foldar a wani fayil cikin /etc/ld.so.conf.d sannan a sake kiran ldconfig. Wani lokacin kuma fayil ɗin yana nan amma na bit 64 ne, manhajar kuwa ta bit 32 ce. Umarnin file zai faɗi ko wace iri ce. In ta bit 32 ce, sai a kunna wannan ɓangare da sudo dpkg --add-architecture i386, a girka ƙunshin da :i386 a ƙarshen sunansa.

Tambaya ta huɗu: wane ƙunshi ne ke ɗauke da fayil ɗin? Wannan ita ce tambayar da muke tsallakewa mu tafi tsince-tsince. A Ubuntu da Debian akwai apt-file search, a Fedora akwai dnf provides, a Arch akwai pacman -F. Ka ba su sunan fayil, su ba ka sunan ƙunshi. Wanda yake tattalin data zai iya yin wannan binciken a shafin ƙunsoshi na Ubuntu ko na Debian ta wayarsa, ba sai ya girka komai ba.

Muhimmancin wannan tambaya ya fito fili a Ubuntu 24.04. Saboda shirin kauce wa matsalar agogon kwamfuta ta 19 ga Janairu, 2038, an sauya wa ƙunsoshi da yawa suna aka ƙara musu t64. libasound2 ya zama libasound2t64, alhali fayil ɗin da ke ciki, libasound.so.2, yana nan da sunansa. Wanda ya nemi tsohon sunan ƙunshin zai ɗauka an cire shi ne. Haka kuma manhajojin AppImage da yawa suna neman libfuse.so.2, wanda tun daga 22.04 ba ya zuwa a girke. Maganin shi ne libfuse2 a 22.04, libfuse2t64 a 24.04. Amma wanda ya yi ƙiyasi ya girka ƙunshin da ake kira fuse kawai, zai iya sa apt ya cire fuse3 tare da wasu sassan tebur da suka dogara da shi. Harafi biyu ko uku ne tsakanin gyara da ɓarna. Matambayi ba ya ɓata.

In duk tambayoyin sun nuna cewa laburaren ya fita daga rumbu gaba ɗaya, to manhajar ce ta tsufa, ita za a sabunta. A nemi sigar da aka yi wa sabuwar babbar manhaja, ko a sake harhaɗa ta in da hannu aka yi ta, ko a ɗauko ta ta Flatpak ko Snap, waɗanda ba sa dogaro da yawancin laburaren babbar manhaja. Masu rubuta manhaja da Python su ma abin ya shafe su: 22.04 yana da Python 3.10, 24.04 yana da 3.12, don haka tsohon venv sai dai a sake gina shi.

Akwai gargaɗi ɗaya da muke so kowa ya riƙe. In saƙon ya ce ba a ga wani abu kamar GLIBC_2.34 ba, lamarin ya juya: manhajar ce ta fi babbar manhaja sabunta. Ubuntu 20.04 yana da glibc 2.31, 22.04 yana da 2.35. Kada wanda ya taɓa libc.so.6 da hannu. Kusan komai a kwamfutar a kansa yake tsaye, har da sudo da ls da cp, wato kayan da za ka yi gyaran da su.

A Windows ma hukuncin ɗaya ne. MSVCP140.dll da VCRUNTIME140.dll ɓangare ne na ƙunshin Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022, MSVCR120.dll na 2013 ne, MSVCR100.dll kuma na 2010. Microsoft na ba da su kyauta a shafinsa. A girka na x64 da na x86 duka, domin manhajar bit 32 a kan Windows na bit 64 na x86 take nema. Masu kwafar fayil da hannu a nan suke faɗawa rami, don foldar System32 ita ke ɗauke da na bit 64, SysWOW64 kuma na bit 32, akasin abin da sunayen ke nunawa. In aka cakuɗa su, sai a koma ganin kuskuren 0xc000007b. In kuwa fayil ɗin na Windows ne kansa, akwai DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan sfc /scannow.

Mun san abin da wasunmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Kwastoma yana tsaye, injin buga takarda ya ƙi aiki, kamfanin da ya yi manhajar ya daina sabunta ta, kuɗin sayen wata kuma babu. Wannan mutumin ba wa'azin tsaro yake buƙata ba, mafita yake so yau. Amsarmu ita ce akwai mafita ta wucin gadi da ba ta gurɓata kwamfutar duka. A ɗauko tsohon ƙunshin daga rumbun Ubuntu ko Debian na asali, a warware shi da dpkg-deb -x cikin wata folda ta daban ba tare da an girka shi ba, sannan a tayar da wannan manhajar ita kaɗai da LD_LIBRARY_PATH yana nuna foldar. Ta haka tsohon laburaren yana killace, manhaja ɗaya ce ke ganinsa, kuma ranar da aka gama da shi, share folda ɗaya ya wadatar. Wanda ya iya Docker zai iya zaunar da manhajar a cikin tsohuwar siga can gefe. Ko a hakan, in laburaren na tsaro ne kamar libssl kuma manhajar tana hawa intanet, a ɗauke shi a matsayin aron lokaci, a fara neman madadi tun daga ranar.

Wasu kuma darasin da suke ɗauka shi ne kada a sake sabunta komai. Wannan ma ba mu tare da shi. Tallafin kyauta na yau da kullum na Ubuntu 20.04 ya ƙare a 2025, na Windows 10 kuma ya ƙare 14 ga Oktoba, 2025. Wanda ya zauna a tsohuwar siga saboda tsoron fayil ɗaya, ya guje wa matsalar da ke bayyana kanta a fili, ya rungumi wadda ba ta sallama. Abin yi shi ne a sabunta da shiri. A kwafi muhimman fayiloli zuwa filashi ko wani faifai na waje. A ɗauki hoton tsarin da Timeshift, wanda ke zuwa tare da Linux Mint. A rubuta jerin manhajojin da aka ɗauko daga waje, a duba ko kowace tana da siga ta sabuwar babbar manhajar kafin a danna komai. A cika batir, a tabbatar data za ta isa. Ubuntu da kansa ba ya tallata wa masu sigar LTS haurawa sai gyararriyar siga ta farko ta fito, kamar 24.04.1 da ta zo a Agustan 2024, don haka babu dalilin rige-rige. A Windows kuma akwai kwana 10 na komawa tsohuwar siga bayan babbar sabuntawa, muddin ba a share foldar Windows.old ba.

Kiranmu na ƙarshe ga masu ba da shawara ne, mu da ake kawo wa kwamfuta ko ake turo wa hoton kuskure ta waya. Kafin mu ba wani umarnin da ya fara da sudo, mu tambaye shi abu uku: wace babbar manhaja ce kuma wace siga, daga ina ya ɗauko manhajar da ta tsaya, kuma mene ne cikakken saƙon, harafi da harafi. Umarnin da ya yi aiki a 20.04 yana iya yin ɓarna a 24.04. Mai neman taimako kuma ya turo waɗannan ukun tun da farko, ya daina cewa "ta ƙi buɗewa" kawai. Ga masu gyara da ke karɓar kuɗi, in har fomat ta zama dole, a fara kwashe wa mutum kayansa, a kuma gaya masa dalili. Shi dai ya ba mu amanar kwamfutarsa ne don bai san ciki ba, kuma abin da muka cusa mata yau, shi zai kwana da shi bayan mun tafi.